Gayyar Lahadi

Tsofaffi uku kaɗai suka zo sujada. Samarin duk sun watse Yamai. Pasto ya kulle majami'a, yana tuna zamanin da marigayiya matarsa ke jan waƙa, kujeru ba sa isa. Ya ƙudura ba zai sake buɗewa ba. Ko gonar majami'ar ciyawa ta cinye.

Ya bi ta gonar don kallon ƙarshe, sai ya tarar da maƙwabta jere da hauya, ladan a gaba.

"Koma, Pasto," in ji ladan. "Yau ranakku ta. Mun roƙi ruwa ran Juma'a, shiru. Saura ku."

Pasto ya laluba aljihu. Mabuɗin na nan.