Tarun Tunga Uku

Shekarar da ruwa ya ja baya da wuri, wani masunci daga ƙaramar tunga ya tashi da niyyar cire rabon mutanensa daga tarun tarayya. Tun zamanin kakanni tunga uku na bakin kogin suka ga babu wadda tarunta zai tare babban gurbi, inda kifi ke taruwa, ita kaɗai, sai kowace ta kawo nata aka ɗinke wuri ɗaya, aka yi alkawari gaban sarkin ruwa a ja tare, a raba tare. An faɗi yadda za a shiga, amma babu wanda ya ɗaga maganar fita, don ranar ɗaurin aure ba a zancen saki. Da tafiya ta yi tafiya, babbar tunga ta mai da rabo kamar gadon gidansu. Giwan ruwa da manyan tarwaɗa su hau kwale-kwalenta, ƙaramar tunga kuwa, wadda mutanenta ke riƙe bakin taru a wajen zurfi, a ture mata ƙananan karfasa. Masuncin ya sha kai kuka, kullum a ce masa ya yi haƙuri. Bara kada ya cire wa ƙanensa ƙafa yana riƙe da igiya, da aka zo rabo aka hana ƙanen kasonsa, wai bai ƙarasa ja ba.

Aka taru gaban sarkin ruwa. Masuncin ya ce, "Ranka ya daɗe, da hannunmu muka kawo, da hannunmu za mu ɗauka. Abin da mutum ya shiga da yardarsa ba ya zame masa kurkuku." Shugaban babbar tunga ko tashi bai yi ba, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin an zuba nonon shanu uku a ƙwarya ɗaya, wani ya ce a tsame masa na saniyarsa? An ɗinke, an gama." Dattijon tunga ta uku ya ce fita tana yiwuwa, amma sai da yardar duka ukun, kuma da a gyara rabon tun yanzu da babu mai neman fita. Muryarsa ba ta da ƙarfi, babu wanda ya waiwaye shi. Sarkin ruwa ya sa aka shimfiɗa tarun a kan yashi, ya ce wa masuncin ya nuna nasu. Masuncin ya bi shi daga wannan baki zuwa wancan, bai ga ɗinkin kakanni ba. Shekaru na faci sun cinye tsohon zare, duk inda ya taɓa sai ya ga ƙullin mutanensa haɗe da na sauran. Wannan bai huce masa zuciya ba, ƙara tafasa ta ya yi, don ya ga guminsu ko'ina a cikin abin da ake hana su. Sarkin ruwa ya ɗage magana sai bayan kamun bana. Masuncin ya san abin da ake nufi da bayan kamun bana, ya sha jin ta. Ya auna kashi ɗaya cikin uku da ƙafarsa, ya zare wuƙa ya yanke.

Aka yi dambe har jini ya zuba a yashi, aka raba ragowar tarun biyu, kowa ya naɗe guntunsa ya tafi. Ranar kamun kifi ta zo, na babbar tunga bai kai tsallake ba, kifi ya bi ta gefe ya wuce. Na ƙaramar tunga ko tsakiyar ruwa bai kai ba. Al'adar kogin kuwa, gurbin da masu shi suka kasa tarewa, a ba duk mai tarun da zai iya. Kafin wata ya mutu baƙi suka hauro daga gangaren kogi da tarunsu guda, sarkin ruwa ya ba su gurbin. Masuncin ya tsaya a gaɓa, ƙanensa na dogare da sanda a gefensa, can gaba kaɗan ga shugaban babbar tunga shi ma a tsaye, dariyar ta ƙare, suna kallon giwan ruwa na hawa kwale-kwalen da ba na kowannensu ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.