Fikafikan Shinge

Kai ne, Injiniya Hambali, kai ka raba ni da shinge, kuma ka sani.

Tun da aka kafa muku ƙaton farantin ƙarfen nan mai kallon sama a bayan gari, duk magariba sai kun harba roka ta fashe a ƙololuwar sama, ta bar koren gajimare yana haske. Wai da shi na'urarku ke gano jiragen nesa. Ni Tabawa, ina ruwana da jirgi? Abin da na sani, in ruwa ya sauka sai na kunna fitila, na ajiye kwanon ruwa, shinge ya taru, na soya na kai tasha. Da shi nake ciyar da jikokina kafin gero ya nuna.

Jiya aka yi ruwan farko na bana. Shinge ya fito daga suri kamar hayaƙi, ya wuce fitilata ko waiwaye babu, ya miƙe sama wajen haskenku. Da safe fikafikai kawai suka yi ta zubowa a tsakar gida, babu ƙwaro ko ɗaya.

Na ƙunso su a zane na kai maka ofis. Ka ce, "Iya, gajimaren nan na da nisa, ƙwaro ba ya kaiwa."

Na ce, "To ina ya kai, ɗan nan? Ko kai ka soye?"

Ka yi dariya, ka miƙo mini ruwan leda.

Ga hadari yau ma ya haɗo. Ko ku kashe hasken nan, ko wanda ya kunna shi ya fito gaban Mai Unguwa ya faɗi abin da jikokina za su ci.