Tsohuwar Layi na Uku

A masana'antar tsiran alade darakta Detlef ya ajiye sarkin wasansa da fadawansa. Wasan waƙe ne da Jamusawa suka gada tun kaka da kakanni, inda jarumi ke zuwa da takobi ya ceci 'yar sarki. Shi kuwa gogan ya ƙwace takobin, ya miƙa wa jarumin tiyon wanke daɓe, ya kifa wa gimbiya hular leda, ya ɗauki abin a fim. Wai fasaha.

To, a wajen mutanen nan darakta ba ya zama kowa sai an yi masa ihu. Wanda aka tafa wa cikin ladabi, jarida ko kallonsa ba ta yi. Sau biyu ana tafa wa Detlef haka. Shugabar gidan wasan, Uwargida Ohlendorf, ba ta ɓoye masa ba: "In aka sake tafa maka, malam, sai dai ka koma yi wa yara wasan 'yar tsana."

Ranar da aka fara haska fim ɗin, masu hannu da shuni suka cika zauren, rabinsu na gyangyaɗi cikin kwat. Da aka kunna fitilu, Detlef ya fito ya rusuna. Tafi ya soma, sanyi-sanyi kamar yayyafi.

Sai wata tsohuwa a layi na uku ta dogara sandarta ta miƙe.

"Buuu! Tir! Wannan ƙazantar ka tara mu mu gani? Kuma gyara tsayuwarka, kana wani ranƙwafewa!"

Ya miƙe ƙyam, bai ma san ya yi ba.

Manyan nan, da ba sa sanin ra'ayinsu sai wani ya fara faɗa, nan take suka ɗauka. Ihu, buga ƙafa, wani likita har da jifa da hula. Washegari jaridu suka kira fim ɗin abin kunya, wato yabo ke nan. Ohlendorf ta sabunta masa aiki, har da sumba a kumatu.

Ran Lahadi da rana ya hau benen wani tsohon gida riƙe da furanni, ya danna ƙararrawa. Tsohuwar ce ta buɗe, ƙanshin kabeji da dankali na biye da ita.

"Kin cece ni," in ji shi. "Wa ya ba ki wannan dabara?"

Ta dubi furannin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wace dabara? Da gaske nake. Cire takalminka, abinci na hucewa. Da na san abin da zan haifa ke nan, ai da kare na saya."