Salkar Wanda Ba Mu Sani Ba

Ana gobe za mu tafi Agadas gaida kakata, Baba ya fito da salkunan ruwa bayan la'asar, ya cika su a bakin rijiyar gidanmu a Daura. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar fata da bagaruwa, yammacin nan nake tunawa.

Ya tsuguna ya zana mana hanya a ƙasa da tsinke: Kongolam, Damagaram, daga nan sai rairayi. Tsohuwar motarsa ta riga ta cika da buhun gero da tsarabar kaka, ga salka ɗaya ta rage babu inda za a sa ta. Sai ya miƙa hannu ya ciro ɗan akwatina, wanda na jera kayan sallata a ciki don kaka ta gan ni da su.

"Baba, ai ruwanmu ya isa," na ce, ina haɗiye kuka.

"Namu ya isa, uwata. Wannan ta wanda za mu tarar a hanya ce."

"Wane ne shi?"

"Ban san shi ba tukuna. Na dai san da ƙishi za mu same shi."

Ranar don fushi ko tuwo ban ci ba.

Baba ya daɗe da rasuwa. Yanzu ko Katsina za ni, da jarkar ruwa a bayan motata. 'Ya'yana sai su riƙa tsokanata, wai Mama ga ruwan leda ko'ina. Ni dai har yanzu ina duba gefen hanya, ko zan hango mutumin nan na Baba.