Tsohuwar da Ke Yi Mini Faɗa

Muna ɗaure katifa a kan motar kaya tsohuwar ta fito da sandarta, tana masifa tun daga ƙofa.

"Ke mai kunnen ƙashi! Cikin sanyin nan wuyanki a buɗe?" Ta ɗaka mini duka a gadon baya.

Mahaifiyata ta janye ni. Rabin dalilin tashinmu tsohuwar nan ce. Tun da jami'ar wannan gari na Koriya ta ɗauki mahaifina, ɗan ƙasar, aiki, ya tare da mahaifiyata, baƙar fata, da ni, maƙwabta ba su taɓa ɓata mana ba. Su rusuna, su yi murmushi, su yaba yadda na iya yarensu, a ƙasar da aka haife ni. Amma ba wanda ya taɓa cewa mu shigo. Ita kuwa kullum faɗa: ban iya gaisuwa ba, na rage shinkafa a kwanonta, na rame.

"Fatarki ce ba ta so," mahaifiyata takan ce.

Tsohuwar ta kwance mayafin wuyanta, ta naɗa mini kamar za ta shaƙe ni, ta shige gida ba sallama.

Matar ɗanta ta matso tana ba mahaifiyata haƙuri. "Ki yafe mata. Mun sha gaya mata yarinyar baƙuwa ce, a bi ta a hankali. Sai ta ce ita ba ta ga baƙuwa ba. Da can jikokinta kaɗai take duka."

Mahaifiyata ta daɗe tana duban ƙofar. Direba ya tayar da mota. Maƙwabta suka jeru, suna rusuna mana da murmushi.