Mai Manhaja da Tarwadar Yayarsa

Balaraba, kin tambaye ni ko mutum zai iya koyon rubuta manhaja ba tare da ya wahalar da kansa da lissafi ba. Zai iya, har ma ya daɗe yana cin abinci da ita. Amma gyara zama ki ji abin da ya sami wani saurayi.

Tun yana sakandare shi da lissafi ba sa ga maciji. In malami ya shigo ta ƙofa, shi ya fice ta taga. Da kwamfuta ta shigo hannunsa sai ga shi gwani wajen tsara shafi da zaɓen launi, abin da bai gane ba kuwa ya kwafo daga aikin waɗanda suka riga shi, ya manna, in ya tashi shi ke nan. A garinsu ana kiwon tarwada sosai, kuma babbar wahalar masu kiwo ita ce sanin yawan maganin da za a zuba a ruwa in ciwo ya kama kifi, don maganin nan in ya yi kaɗan ba ya aiki, in ya zarce ya zama guba. Sai saurayin ya rubuta manhaja ta waya. Ka sa tsawon tafkinka da faɗinsa da zurfinsa, ta faɗa maka awon magani. Tafkunan garin duk na bulo ne masu kusurwa huɗu, don haka ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Sunansa ya fita, har daga ƙauyuka ana zuwa a sa wa mutane ita a waya.

Yana da yaya mace, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ɗawainiyar gida ta dawo kanta, sai ta sayar da keken ɗinkinta ta kafa tankunan tamfol masu zagaye a tsakar gida, ta zuba 'ya'yan tarwada. Ta ci wuyarsu, sun yi ɓul-ɓul, saura ƙiris a kira masu saye, sai farin tabo ya fara fito musu a jiki. Ta aika aka kira ƙanen. Ya zo ya tsaya a bakin tanki da waya a hannu, sai ya ga abu mai zagaye ba shi da tsawo, ba shi da faɗi. Can cikin ransa ya tuna an taɓa koya musu wata lamba da ake auna da'ira da ita, amma ranar yana bayan aji yana shan rake. Ya ja igiya daga baki zuwa baki, abin da ya samu ya sa shi a gidan tsawo, ya sake sa shi a gidan faɗi. Yayar ta ce, "Auta, ka tabbata?" Ya ce, "Haba Yaya, kwamfuta ai ba ta kuskure." Manhajar kuwa ta yi abin da aka sa ta. Ta ɗauki tankin a matsayin mai kusurwa huɗu, ta auna magani har da na ruwan da babu shi. Kafin la'asar kifayen sun taso sama suna haki, kafin rana ta faɗi sun juya farin ciki, tanki bayan tanki. Ba su sayuwa, ba su ciyuwa. Shi da ita suka yi ta kwasa a daro suna kaiwa rami a bayan gida, mijin yana kwance a ɗaki yana jin ƙarar daron. Ba ta zagi ƙanen ba. Da suka rufe ramin ta ce, "Haka Allah ya so, Auta. Je ka wanke hannunka."

Daga baya ya nemo littafin lissafi na 'yan aji biyu, ya ga abin da ya rasa layi ɗaya ne tak. Ya goge manhajar. Yayar yau wankau take yi a gidajen mutane, tankunan suna naɗe a kan katanga rana tana cin su. Shi kuwa yana nan, ba gaba ba baya. In an kawo masa aiki sai ya ƙi karɓa, don bai san inda wani ramin yake jiransa ba, komawa aji ya zauna da yara kuma kunya ta hana shi. Da bai iya komai ba, da yayarsa ta je ta tambayi wani. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.