Amaryar Haya

Motar Minjibir ta tsaya sau bakwai ana loda buhunan gyaɗa, shi ya sa sai bayan azahar Balarabe mai hoto ya iso Kano, tsohuwar kyamararsa a wuya, babbar rigarsa tana warin akuyar da aka cusa a ƙarƙashin kujera.

Taron ƙwararrun masu hoton biki ya zo, ba kuma don yana ganin akwai abin da za a koya masa ba. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar amare daga Minjibir har Kunci. Takarda ce ta fito da shi. Alhaji Zaharaddini mai taki zai aurar da 'ya'ya biyu bayan kaka, ya ce aikin hoton na wanda ya kawo masa takardar shaidar taron nan ne. Wanda kuwa ya yi bikin gidan Alhaji, shi zai yi na kowa bana. Ga Kamaruddeen, wani da ya dawo daga Kaduna bara da kyamara mai dogon baki, kullum yana zagaya shagon Alhajin kamar kaza a masussuka.

Saƙon muryar da aka turo a waya ya ce za a yi bayani da safe, da rana a kawo amarya da ango na haya kowa ya gwada hannunsa, sannan a raba takarda. Bayani dai ya wuce shi. Surutu ne, bai yi asarar komai ba.

Da ya isa ginin da ake taron, mai gadi ya kalli kyamarar, ya nuna masa wata ƙofa da baki. "Masu hoto can suka shiga."

Ga su nan kuwa, sun kai goma sha biyu, duk da baƙaƙen riguna matsattsu. Wani ya kwanta a ƙasa kamar mai haƙon ɓera. Wani yana riƙe da lema a cikin ɗaki, babu ruwa babu rana. Wani ƙato kuma yana wasa da ɗan jirgi a kan mutane. Balarabe ya taɓe baki. Ya duba ko'ina bai ga Kamaruddeen ba. Ragon ya ji tsoro ke nan.

Abu ɗaya ya yarda da shi: masu taron nan ba su yi rowa ba. Har 'yan rakiya suka ɗauko, mata cike da kujeru cikin anko, da makaɗa, da mai gabatarwa yana ta kwarara kirari. Tunda ya sha wahalar hanya, ya ƙudura sai ya mori taron har ƙarshe. Ya zauna a teburin gaba, ya cinye kaza da fankasau, ya naɗe dambun nama a leda ya zura a aljihu. Ya bi teburi teburi yana raba lambar wayarsa. Sannan ya naɗe hannun riga, ya nufi inda aka zaunar da 'yan hayar.

Amaryar ba laifi, sai dai ta cika zaƙewa. Kuka take yi sosai, har kwalli yana gangarowa.

"Ke, wa ya ce ki yi da gaske? Share fuskarki, kina ɓata mana aiki."

Wata tsohuwa ta riƙe kafaɗar amaryar, ita ma tana sharar hawaye. Balarabe ya kaɗa mata hannu. "Inna, koma baya, ba kya shiga hoto. Kin iya kam, amma ya isa."

Tsohuwar ta dube shi baki buɗe. Masu baƙaƙen riguna suka sauke kyamarori suna kallon juna. Hassada, in ji Balarabe a ransa. Sun ga aikin manya.

Sai ya juya ga angon, nan ne ransa ya ɓaci da gaske. Duk faɗin Kano a rasa wanda za a sa wa alkyabba sai wannan? Wuya kamar karan dawa, kunnuwa a baje, hula ta haɗiye rabin goshi. Ya gyara masa zama, bai yi ba. Ya karkatar da haɓarsa, abin ya ƙara muni. Ya cire hular, ya ga sanƙo, ya yi maza ya mayar.

"A ina suka tsinto ka? Ko a ƙauyenmu ba za a yi hayarka a matsayin ango ba."

Ya ɗauki hoto uku don dole. Sannan ya sunkuya wajen amaryar, bai lura mai gabatarwa yana tsaye a gefensa da makirfo a kunne ba.

"Ki gode wa Allah wasa ne, 'yata. In da auren gaske ne, da na ce ki tashi ki gudu tun da sauran rana."

Maganar ta fita ta kowace sifika. Kiɗa ya tsaya. Wani cokali ya faɗi can baya.

Wasu ƙarti biyu cikin shadda suka kama shi ta hammata, ɗaya dama ɗaya hagu. Balarabe bai yi gardama ba. Ya san ofis za a kai shi karɓar takarda, kuma shi aka fara kira. Yana tafe yana gaya musu yadda za a rubuta sunansa, da manyan baƙaƙe, a ƙara "Minjibir" a ƙarshe.

A tsakar harabar suka sake shi, suka rufe ƙofa. Daidai nan jama'a suke saukowa daga bene, kowa da kati rataye a wuya, kowa da farar takarda mai hatimi a hannu. Na ukunsu Kamaruddeen ne. Ya tsaya, ya kalli maiƙon da ke aljihun Balarabe, ya kalli rufaffiyar ƙofar.

"Baba Balarabe, ai a sama aka yi taron, yanzu aka tashi. Kai me kake yi a bikin mutane?"